Babi na Shida: Ƙarfen Gefe

A jikin kat-kat duka babu wurin da ya kai dokin ƙofa rauni, wato wannan dogon ƙarfe da ya miƙe ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. A ido kamar wani abin kirki ne, amma tol ne aka lanƙwasa, kaurinsa bai fi milimita 1 da ƴan kai ba, cikinsa kuwa holoƙo. Gaban mota yana da bamba, bayanta ma haka, ƙarƙashin inji wasu na ɗaura faranti. Tsakiya ce aka bari haka nan, alhali ita ce take sauka bisa duk abin da tayar gaba ta hau ta wuce kafin ta baya ta iso. A Land Cruiser 79, mai buɗaɗɗen baya, tazarar tayar gaba da ta baya ta haura mita 3. Duk tudu ko kututturen da ya shiga wannan tazara, dokin ƙofa ne zai tarbe shi.

In ya lotsa kuma, ɓarnar ba ta tsayawa a muni. Ƙofa ta daina rufuwa daidai, ƙura da ruwa su sami hanya, wani lokaci har ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi ya goce. Mai gyaran jikin mota zai ja ya buga ya cike ya yi fenti, amma direba ya san motarsa ba ta koma yadda take ba, ko daga ƙarar rufe ƙofa.

Maganin wannan shi ne ƙarfen gefe: bututun ƙarfe mai kauri da ake miƙewa ƙarƙashin dokin ƙofa, ya ɗan fito waje, a kafe shi a shasi da ƙafafu, yadda in mota ta zauna bisa wani abu, shi ne zai ɗauki nauyin ya kai wa shasi, motar ta zame a kansa ta wuce. Waɗanda suka fi yayata shi su ne masu hawan duwatsu don nishaɗi a Amurka, a wurare irin su hanyar Rubicon ta Kalifoniya da Moab ta jihar Yuta, inda mutum kan wuni yana jan motarsa bisa falalen dutse don kawai ya ce ya hau. A Ostiraliya kuwa, kamfanoni irin su ARB, wanda aka kafa a 1975, sun mai da ƙera irin waɗannan ƙarafa babbar sana'a, har ta kai ga samfuran motoci da dama kowanne yana da nasa a cikin kwali da notukansa.

To amma mu a Maraɗi ina dutsen? Ƙasarmu jigawa ce da fadama. Mutum zai tashi daga Jiratawa ya ratsa gari ya wuce Tsibiri bai ga dutsen da ya kai a kauce masa ba. Shi ya sa kafin a je wurin mai walda ya kamata a tambayi motar inda take zuwa.

Abin da ke cin dokin ƙofa a nan iri uku ne. Na farko gaɓa. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya biyo ta Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri ya nufi Gidan Runji, ba ya barin gaɓarsa yadda ya same ta, kuma tsofaffi ba su manta da 1945 ba, shekarar da ruwansa ya ci tsohon gari har aka koma bisa tudu. Haka ƙananan kwazazzaban da ke zuba cikinsa: inda ka sauka lafiya a watan Yuni, a Agusta ruwa ya yanke shi ya bar matakala mai kaifi. Tayar gaba na faɗawa, cikin mota sai ya zauna daram. Na biyu kututture. Tun 1983, da Tony Rinaudo ya fara aikin nan a Maraɗi da manoma ke kira sassaben zamani, ake barin tohon sabara da kalgo da gawo su girma cikin gonaki maimakon a ƙone su. Alheri ne babba ga ƙasa, amma ga direban da ke bin hanyar amalanke tsakanin gonaki da damina, itace da guntayensa sun yi yawa, kuma ciyawa ta ɓoye su. Na uku siminti: bakin kwalbati, gefen magudanun ruwan noman rani na Jiratawa inda ake shiga ɗaukar zogale, da daɓen da ake yi wa hanya a mashigar ruwa, wanda ruwa kan kwashe ƙasar gefensa ya bar shi tsaye.

Sai kuma motocin da Maraɗi ce gidansu amma ba nan suke kwana ba. Wadda ta ɗauki hanyar Dakwaro daga Tsibiri ta miƙe Bermo ko Gadabeji, yashi ne mafi yawan abin da za ta gamu da shi. Amma wadda ta yi yamma ta shiga Adar, wajen Buza da Keita, ta shiga ƙasar dutse sosai. Balle wadda ta nufi Abzin, ko wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakatan da suka ja dubban matasa tun 2014. Irin wannan mota ƙarfen gefe wajibi ne gare ta. Prado ɗin Alhaji da ba ta sauka daga kwaltar Maraɗi zuwa Yamai kuwa, ba ta bukatarsa. Zai ƙara mata nauyin kilo 40 zuwa 60 a banza, iyakar amfaninsa ya tare ɗan kabu-kabun da ya gogo ta a bakin kasuwa. Haka motoci irin RAV4, da ba su da shasi daban da jiki: babu inda za a kafa ƙafafun, kuma duk wanda ya ce zai liƙa maka a jikin tol, kuɗinka kawai yake so.

Abu na gaba da ya kamata mai mota ya bambance shi ne ƙarfen gefe da matakin hawa. Mafi yawan abin da ake gani a gefen motoci a gari mataki ne, na alminiyam ko bututu mai sheƙi, an ɗaure shi a jikin mota da ƴan ƙananan ƙarafa. An yi shi ne don ya ɗauki mutum ɗaya da takalminsa. In mota ta zauna a kansa sai ya naɗe sama ya shige cikin dokin ƙofar, ɓarnar ta fi wadda za a yi in babu shi, ga shi kuma ya rage tsayin mota daga ƙasa tun farko. Land Cruiser mai cikakken kaya tana haura tan 3. In ta karkata bisa gaɓa, abin da zai sauka a gefe ɗaya zai iya wuce tan guda, in kuwa faɗowa ta yi ba zama a hankali ba, ya ninka. Wannan shi ne nauyin da ake ƙera ƙarfen gefe dominsa.

Sai zaɓen ƙarfe. Babban bututu, in zagayayye ne, faɗinsa ya kai milimita 45 zuwa 50, kaurin jikinsa kada ya gaza 3. In mai kusurwa huɗu ne, 50 bisa 50 mai kauri 3 ko 4 ya isa, kuma ya fi sauƙin yanka da haɗawa ga wanda ba shi da injin lanƙwasa. Ƙafafu su yi kauri 4, farantan da za su kwanta a jikin shasi kuwa 6. A je wurin masu ƙarfe da abin awo a aljihu, domin abin da ake kira uku a baki sau da yawa biyu ne da ɗan wani abu. Bututun famfo mai farin rufi shi ne abin da yaran shago suka fi saurin jawowa, don yana nan a ƙasa kuma yana da araha. A ƙi shi. Ƙarfensa mai taushi ne, an yi shi don ruwa, kuma farin rufin nan zinki ne, wanda hayaƙinsa ke sa mai walda zazzaɓi da rawar ɗari da dare. Madarar da ake sha bayan aiki ba ta hana komai. Tsohon sifirin ma, da wasu ke so su yi ƙafa da shi don sun ga yana da ƙarfi, ba ya jure walda: gefen ɗinkin yakan bushe ya ƙage, ranar da ake bukatarsa ya karye ƙas.

Wajen awo, a tsayar da mota a ƙasa mai daidai, a ɗora bututun bisa jak biyu, a duba shi ta kowace fuska kafin a taɓa wuta. A bar tazarar yatsa ɗaya, milimita 12 zuwa 15, tsakaninsa da dokin ƙofa. Jikin mota bisa robobi yake zaune a kan shasi, kowa da motsinsa, kuma shasin kansa yana murɗewa a hanya mai gargada. In aka matse su, ƙwanƙwasar da za ta riƙa tashi ba za ta bar direba ya ji maganar na kusa da shi ba, a ƙarshe kuma ƙarfen da aka sa don kariya shi zai lotsa abin da yake karewa. A buɗe ƙofofi duka a rufe. A juya sitiyari iyaka hagu da dama a ga ko taya na kusantar bakin bututun, a tuna kuma taya na hawa sama in ta faɗa rami. Wanda ya fi son tsayi daga ƙasa ya ɗan ɗaga bututun waje sama, wanda kuma iyali da tsofaffi ke hawa motarsa ya bar shi a kwance a shimfiɗa masa tol mai ƙurzunu don kada ƙafa ta zame. Wasu na sa ƙarshen baya ya ɗan bulluƙo waje, yadda in an gogi itace zai ture bayan motar gefe kafin ya kai ga taya. Ga mai bin hanyar gonaki wannan dabara ce mai kyau.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne mahaɗar ƙafa da shasi, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya. Daga shasi zuwa bututun waje akwai tazarar santimita 25 ko 30, wani lokaci fiye. Kowane makanike ya san abin da yake yi in noti ya ƙi kwancewa: ya zura bututu a wutsiyar sifana ya danna, abin da ya gagari ƙarfin ƙato sai ya juya a hannun yaro. To haka ƙafar ƙarfen gefe take yi wa shasi, sai dai a nan tan guda ne ke dannawa. In aka liƙa bakin ƙafar kai tsaye a bangon shasi, wanda kaurinsa bai wuce milimita 3 ko 4 ba, ɗaya daga biyu za a gani: ko bangon ya lotsa ciki, ko ya yage a zagayen waldar. An je kare dokin ƙofa an ɓata ƙashin bayan mota.

Don haka ake sa faranti tsakani, mai faɗin da zai raba nauyin, kamar santimita 10 bisa 15 ko abin da tsayin shasin ya bari. Ƙafa a kan faranti, faranti a kan shasi, sannan a sa ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a saman ƙafar ya tokare ta da farantin. Ƙafa biyu ba ta isa doguwar mota ba, uku a kowane gefe shi ne daidai.

Farantin kuma hanya biyu ake kafa shi. Ta farko noti. A nemi ramukan da kamfani ya riga ya huda a yi amfani da su in sun dace. In dole sai an huda sabo, a huda a tsakiyar bango, kada a taɓa saman shasi ko ƙasansa, domin nan ne yake ɗaukar lanƙwasa. Shasin Land Cruiser da na Hilux kamar akwati yake, bango biyu da fili a tsaka, saboda haka in aka zura noti ya ratsa aka ɗaure tam, bangayen za su matso juna, bayan mako guda notin ya saki. Sai an sa guntun bututu mai kauri a ciki, notin ya bi ta cikinsa. Notin ya zama mai milimita 10 ko 12, kuma a duba kansa a ga 8.8 ko 10.9. Wanda kansa fili ne ba lamba, na ƙofar gida ne.

Ta biyu walda, kuma ita ce aka fi yi a nan don ta fi sauri. Tana da dokokinta. Walda a bangon gefe kawai, ba a ratsa sama ko ƙasan shasi da ita. Ba a jan ɗinki miƙaƙƙe daga sama har ƙasa, domin an shata wa tsaga layin da za ta bi ke nan. Shi ya sa gwanaye ke yanke kusurwoyin farantin su zagaye su, ko su karkata gefunansa. A riƙa yin ɗinki gajere, santimita 3 ko 4, a koma wata ƙafar, a dawo, don kada zafi ya taru wuri ɗaya. In an gama a bar shi ya huce don kansa. Wannan ɗabi'a ta watsa ruwan buta bisa jan ƙarfe don a yi sauri, a ƙofar gida ba ta kashe kowa, a shasi kuwa tana busar da ƙarfen ya zama mai saurin tsagewa.

A ganina, tsohuwar Land Cruiser 75 ko 79 ko Hilux da ta riga ta zama jakar aiki, walda a hannun gwani ta ishe ta. Sabuwar mota kuwa, ko ta wata ƙungiya da garantinta bai ƙare ba, ko wadda ake sa ran sayarwa, a yi mata na noti. Shasin sababbin motoci ƙarfensa ya fi ƙarfi amma ya fi siranta kuma ba ya son zafi, sannan masu jakar iska a gefe suna da na'urorin jin karo da ƙarfen da aka kafa barkatai zai iya ruɗa su.

Kafin a kunna inji, a leƙa bayan wurin da za a ƙona. Tiyon birki, tiyon mai da damin wayoyi duk a jikin shasi suke bi ta ciki, tankin mai kuma yana kusa, wasu motocin ma biyu gare su. A kwance abin da zai kwantu a janye shi, sauran a kare shi da tol da jiƙaƙƙen buhu. Motar gazuwal tana da ɗan haƙuri, ta fetur ba ta da shi ko kaɗan. A cire kan batir, in biyu ne duka biyun. Wayar mas a maƙala ta a shasi dab da wurin waldar, a kan ƙarfen da aka gurza ya yi fari. In aka maƙala ta a bamba ko a ƙafar mota don nan ya fi kusa da hannu, wuta za ta nemi hanyarta ta cikin boris da wayoyi, kuma a motar zamani abin da za a ƙona kwamfutar inji ce, wadda kuɗinta ya ninka na aikin duka. Bokitin yashi da na ruwa su kasance a kusa, yaro ɗaya kuma aikinsa kawai ya zuba ido a ɗaya gefen.

Masu waldar Maraɗi ba hannu suka rasa ba. Wanda ya dubi amalanken shanu da suke ƙerawa, da irin lodin da take ɗauka shekara da shekaru, ya san haka. Sai dai mafi yawan aikinsu a kwance yake a ƙasa, ƙofa da taga da gado, alhali ƙarƙashin mota walda ce ta tsaye da ta bisa kai, inda narkakken ƙarfe ke son zubowa. Dabara ita ce a ɗiga a jikin mota don a kama awo, a sauke, a yi duk ɗinkin da zai yiwu a ƙasa, a bar na faranti kaɗai ya zama na ƙarshe. Tsinken da ya cika kasuwa shi ne 6013. Wanda littattafai ke so a irin wannan aiki 7018 ne, don ɗinkinsa ya fi jure jijjiga, amma yana son a ajiye shi a bushe, kuma injinan da ake naɗawa a gida sau da yawa ba sa iya riƙe masa wuta, sai ya yi ta mannewa. Kyakkyawan ɗinkin 6013 a kan ƙarfe mai tsabta, da tsinke mai milimita 3.2 da wutar da ta kai amfiya 110 ko 120, ya fi mummunan ɗinkin 7018.

Ita wutar ma abin dubawa ce. Wani kaso mai yawa na lantarkin Maraɗi ta layin Katsina yake zuwa, abin da kowa ya ji a jikinsa lokacin da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Ko a lokacin lafiya, da tsakar ranar Afrilu da Mayu wutar kan yi rauni, kuma da raunanniyar wuta ɗinki bisa ƙarfe kawai yake kwanciya, bai shiga ba. A ido ya yi tudu kamar abin arziki, guduma ɗaya ta ɓamɓare shi. Gara a yi sammako, ko a biya kuɗin man janareto. Bayan kowane ɗinki a ƙwanƙwashe kashin waldar a duba: in akwai ƴan ramuka ko rami a gefen ɗinkin, a gurje a sake. Shi kuma mai walda ya sa gilashinsa na gaskiya, ba tabarau na kasuwa ba, haka yaron da ke riƙe masa.

Nan ne ciniki kan so ya ɓata aiki. Za ka ji mai mota na cewa, "Haba maigida, ƙarfe biyu ne fa, rage mini jaka goma." Mai walda kuma ya ce, "To Alhaji, Allah ya sa albarka," ya karɓa, sannan ya cire jaka goman daga faranti da ƙafa ta uku, wuraren da Alhaji ba zai durƙusa ya leƙa ba. Araha ba ta ado. A yi ciniki a kan kaurin ƙarfe da yawan ƙafafu tukuna, kuɗi ya biyo baya.

A toshe bakunan bututu don kada ruwa da yashi su zauna ciki, a gurje, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, musamman a gefen farantin da kuma inda wuta ta cinye fentin shasi, sannan baƙi ya biyo. Fenti na gwangwani ya fi mai tsada, tunda ƙarfen don gogayya aka yi shi kuma kowace damina sai an sake shafawa. Bayan tafiyar farko mai nisa a sake ɗaure notuka, a wanke mahaɗar a duba ta da tocila. Siririn layin jan tsatsa a gefen ɗinki alamar tsaga ce da ta fara.

Amma tun kafin mota ta bar shago akwai gwajin da ba ya ƙarya. A tsayar da ita a ƙasa mai tauri, a ja birkin hannu, a tare tayoyin ɗaya gefen, kowa ya fito daga ƙarƙashi. A sa jak a tsakiyar ƙarfen gefe a ɗaga a hankali har tayoyin wannan gefen su fara rabuwa da ƙasa. A dubi tazarar nan ta yatsa ɗaya: ta ɗan ragu ba laifi, amma kada ta rufe. A buɗe ƙofa a rufe tana sama. A sauke, a ga ko ƙarfen ya koma inda yake, sannan a maimaita a ɗaya gefen. Mai waldar da ya san aikinsa shi zai ɗauko jak ɗin da kansa. Wanda ya ce kada a gwada don kada ya lanƙwashe, matakin hawa ya yi maka, kada ka cika masa kuɗin ƙarfen gefe.